Tazugen Kawu

Duk lokacin da warin maganin aidin ya bugi hancina, zauren Kawu nake tunawa, can Zaitawa. Yayan mahaifiyata ne. Ya je yaƙin basasa, amma jakar magani ya rataya, shi ya sa 'yan majalisar ƙofar gida suke ce masa sojan allura. Mu ma yara muka ɗauka. Bai taɓa tankawa ba.

Kowace babbar sallah wani dattijo mai ƙafa ɗaya yakan zo daga ƙauye, ya ajiye wa Kawu sabon tazuge, guda ɗaya tak. Ka san bakin yaro. Wata shekara, ruwan sama ya tara manya a zaure, na tuntsire da dariya na ce, "Sojan allura, ladan yaƙin ke nan?"

Dattijon ya damƙi hannuna har sai da ƙashi ya amsa. Ya kwance ƙullin ƙafar wandonsa, ya nuna wa kowa dungun.

"Zauna, ɗan nema. A bakin gada aka yi mana kwanton ɓauna. Bom ya cire ƙafar nan, ina kallon ta can gefe da takalmi a jiki. Jini na tsartuwa kamar an yanka sa. Na kusa da ni, kansa ya dare biyu. Kowa ya lafe a kwalbati, harsashi na aske ciyawa. Kawun nan naka ne ya rarrafo. Bandeji ya ƙare, bel ɗinsa yana ɗaure a cinyar wani. Sai ya zare tazugen gajeren wandonsa na ciki, ya ɗaure ni, ya murɗa da tsinken ƙarfe har jinin ya tsaya. Harsashi ya fasa masa kafaɗa, bai sake ni ba. Da hannu ɗaya ya ja ni, wando a gwiwa, yana zagi na wai na cika nauyi."

Kawu ya ce, "Har yau ka cika nauyi, ga surutu. Sakar mini yaro."

Daga ranar sunan ya mutu a unguwa.

Ni na zuba ruwa ranar da aka yi wa gawar Kawu wanka. Na ga ramin kafaɗar, babban yatsa zai shige. A akwatinsa muka tarar da damin tazuge, ko ɗaya bai taɓa sawa ba.

Yanzu wandunan 'ya'yana duk roba ce, zauren ma ya zama shago. Ban taɓa ba Kawu haƙuri ba. Da na iya haɗa baƙi a ajin manya, wannan na fara rubutawa. Kawu, ka yafe mini.