Ita An Mayar Mata, Ni An Ce In Dakata

Mu biyu ciwon daji ya raba da nono a gidanmu: ni da ke aure a Gusau, da ƙanwata da ke koyarwa a Tsafe. Ni aka fara cire wa. Da nata ya zo, ni na yi ta lallashinta, don na riga ta sanin hanyar.

Bayan mun murmure muka je tare wajen likitan da ke sake gina nono da naman jikin mutum. Ya duba ta, ya ce ba matsala. Da ya zo kaina sai ya daɗe yana latsa fatar ƙirjina.

"Hajiya, an gasa miki nan da na'urar kashe ciwon daji, fatar ta yi tauri. Ga ciwon suga, ga ƙiba. In na yi yanzu, ɗinkin na iya ƙin kamewa, ko ya yi ruwa, ko naman da na dasa ya mutu."

"To, ita fa?"

"Ita ba a gasa ta ba, kuma ba ta da suga."

Aka yi mata. Ni na yi jinyarta, ni ke kama ta zuwa banɗaki. Duk ranar da aka buɗe ciwon sai in leƙa, in tarar ya bushe tsaf. Bakina ya ce alhamdu lillahi, ni kuwa in kawar da kai.

Da bikin ɗan wanmu ya tashi a Bungudu, ta shigo da rigar leshi ɗinkin daidai jiki, gyale a kafaɗa. Mata suka yi caa: "Wallahi kamar ba a taɓa ki ba!" Ina gefe cikin zurmemen hijabi, tsumman da na cusa a rigar nono ya zame zuwa hammata. Na shige ɗakin Inna, mahaifiyarmu, na zauna bakin gado.

Inna ta biyo ni. "Ke da ita duk na zaci zan rasa ku," ta ce. "Tashi ki ci abinci."

Na rage tuwon shinkafa, na bar shayi mai zaƙi, kullum da safe ina zagaya unguwa a ƙasa. Sugan ya sauka. Da na koma, likita ya ce an samu sauƙi, amma fatar da aka gasa tana nan yadda take; in na amince zai gwada da naman bayana, sai dai haɗarin bai gushe ba.

Ban amince ba tukuna. Ƙanwata takan kira ta ce, "Yaya, ki daure, ni zan yi jinyarki." Nakan ce mata to. Wani lokacin kuma sai in bar wayar ta yi ta ƙara har ta tsinke.