Dutsen da ya ƙi shan ruwa

Shekara biyu bayan Jalingo ta zama babban birnin jiha, na gina 'yan ɗakuna a Turaki, na ce sai na haƙa rijiya. Matata na da tsohon ciki, na kuma riga na cika wa surukata baki cewa da ruwan gidanmu za a yi girkin suna. Aka haɗa ni da wani dattijo mutumin Lau mai haƙar rijiya, shi da ƙanensa mai jan igiya.

Yawan tsayawarsa ya riƙa ba ni haushi. Duk dutsen da ya fasa sai ya hauro da shi, ya ɗiga masa ruwa daga buta, ya tsuguna yana kallo. In dutsen ya shanye ya yi duhu, sai ya koma ciki. Ni kuwa malamin labarin ƙasa ne a sakandare, gani nake babu dutsen da ban sani ba.

Da ya kai gaba goma sha ɗaya, ya fito da wani dutse mai santsi. Ruwan ya dunƙule a kansa, ya gangare kamar a ganyen gwaza.

"Malam, wannan ba ta shan ruwa," in ji shi. "Wanda ta sha, ruwa yana toshe ƙofofinta, mugun iska na ƙasa ba ya wucewa. Wannan kam a buɗe take. Mu bar rijiya kwana uku."

Na yi dariya. A gaban maƙwabta na ce, "Baba, ko dai ƙarfi ne ya ƙare?"

Washegari da safe dattijon ya ɗaura fitilar ƙwai a igiya ya zura a rijiyar. Wutar ta ƙanƙance, ta yi ja, tana neman ɗaukewa. Ya ɗago ya dube ni.

"Ai ba ta mutu ba," na ce.

Ya tuɓe riga ya sauka. Mun ji saran diga sau huɗu, sannan shiru. Mu biyar muka jawo shi, jikinsa babu ko ƙwarzane. Kafin mu kai asibiti ya cika.

Ƙanen bai zage ni ba, kuma da ma ya zaga. Ya tattara kayan aikinsu, ya ɗauki dutsen nan ya sa mini a hannu, ya ce, "Kai mai littafi, ka riƙe."

Da ruwan 'yan garuwa aka yi suna. Rijiyar na sa aka cike ta. Bayan shekaru na karanta cewa masanan da ke neman binne iskar hayaƙin masana'antu a ƙarƙashin ƙasa, su ma da ɗigon ruwa a kan dutse suke farawa, don su san ko zai riƙe ta. Na rufe mujallar, kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Na yi shekara ashirin da wani abu ina koyar da duwatsu bayan rasuwarsa, ban taɓa iya kai dutsen nan nasa aji ba.