Ƙafa Uku a Ƙarƙashin Gidan Orval

Orval Teague mutumin Nebraska ne, direban tirela tun yana saurayi har furfura ta rufe shi. Ya ɗauki shanu, ya ɗauki masara, kuma tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa goga wa kowa mota ba. Da ya ajiye aiki sai ya sayar da gidansu ya sayi mai taya, irin dogon nan da gabansa ke hawa bayan a-kori-kura. Sanyi na kamawa, shi da matarsa Darlene su gangaro Yuma, garin ɗumi a hamadar kudu, su kafa a filin tsofaffi tare da sauran masu gudun ƙanƙara.

A filin nan, ranar isowa ake sanin namiji. Kowa zai fito da kujerarsa ya zauna kallon yadda za ka ja da baya ka shiga gurbinka, matarka na tsaye a baya tana yi maka alama da hannu. An sha ganin aure ya kusa mutuwa a wannan ja da bayan. Orval kuwa shiga ɗaya yake yi, da hannu ɗaya a sitiyari, ya fito yana hamma don a san bai wahala ba.

To wannan hannun ne ya fara rawa. Orval ya sani, ya kuma san inda maganar za ta ƙare idan ta fita: 'yarsu ta karɓe makulli, a sayar da gidan, a zaunar da shi a wani ɗaki a gidanta na Omaha yana kallon taga. Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron. Sai ya ɗora wa gidan laifi.

Ya kuwa sami abin fakewa, don irin gidan nan yana da rawa. Ɗakin kwana yana lilo ne a gaba, ba komai a ƙarƙashinsa, mutum ya taka a kicin sai gado ya amsa. Duk sanda gahawa ta zube masa a riga, sai ya harari ƙasa ya ce, "Kin gani ko? Gidan nan ba ya tsayuwa."

Ya fara da waigin ƙarfe da ake matsewa tsakanin tayoyi. Ya sa jak biyu a baya, ya jera musu katako. Ya ɗaura sanduna a gicciye tsakanin ƙafafun gaba. Daga ƙarshe ya tafi kasuwar hamada da ke ci a Janairu neman ƙarfe mai ƙafa uku, wanda ake tokare hancin gidan da shi. Mai kaya ya nuna masa wani mara nauyi, da ake zira wa siririyar ƙusa a rami. Orval ya dubi ramin, ya dubi ƙusar, ya tura hannunsa cikin aljihu. Ya ce wannan kayan yara ne, ya zaɓi wani ƙato mai nauyin tsiya da ake murɗawa da mariƙi kamar na injin niƙa. Shi ya san abin da ya hana shi ɗaukar na farkon.

Abin mamaki, da duk wannan ƙarfe gidan bai daina motsi ba. Ya matse mariƙin da yamma, gari ya waye ya tarar ya saki. Ya zagi masu ƙera shi, kuma a ransa ya ji daɗi. Da zagin ya ishe shi sai ya koma kan Darlene. A taron la'asar, inda ake gasa nama ana shan giya, nan yake kwance mata zani a kasuwa.

"Wane ƙarfe zai riƙe gidan da Darlene ke ciki? In ta taso daga gado, har kwanuka sai sun gaishe ta."

A yi dariya, ita ma ta yi. "Tsohon banza," in ji ta, "wa ke cinye kek ɗin tuffa?"

Wata rana maƙwabcinsu Gus Halvorsen, wani dogon manomi daga Dakota, ya gaji da ƙorafin. "Kai, Orval, ka ishe mu. Tashi mu je in gani."

Gus ya durƙusa ya murɗe mariƙin da hannunsa har ƙarfen ya yi ƙara. Suka shiga ya ajiye kofin ruwa a tebur, yadda ake gwadawa, ya yi ta safa da marwa daga ƙofa zuwa ɗaki, har da tsalle. Ruwan ko gezau.

"Mutumina, cocin garinmu bai kai wannan tsayuwa ba. Sha ruwanka ka gode wa Allah."

Ya miƙa masa kofin. Ba yadda Orval zai yi, ya karɓa. Kafin ya kai baki rabin ruwan yana kan wandonsa, sauran yana ta kaɗawa a kofin, su uku har da Darlene suna kallo. Gus ya ɗaga kai ya shiga nazarin rufi. Orval ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai Darlene ta buga ƙugunta a jikin firji da ƙarfi. "Af, ni ce. Yi haƙuri, tsoho, na sake girgiza maka gida."

"Haka ne," in ji Gus, idonsa na sama. "Na ji shi ya motsa."

Washegari da hantsi Orval ya leƙa ta tagar ɗaki. Ga Darlene a durƙushe a ƙarƙashin hancin gidan, da gwiwoyinta masu ciwo, tana murɗa mariƙin baya da hannu biyu, tana sassauta shi. Ya sauko ba takalmi, ya tsaya a kanta.

"Tun yaushe kika sani?"

Ba ta ɗago ba. "Tun da ka fara riƙe littafin waƙa da hagu a coci."

"Kika bari ina yi miki tereren tsiya a gaban mutane?"

"To da wa za ka zaga? Ni dai na san ƙarya kake yi, bai dame ni sosai ba."

Wannan "sosai" ɗin ita ta gama da shi. Ya durƙusa kusa da ita ya kama mariƙin zai mayar, ƙarfen ya ɗauki kaɗawa a hannunsa. Ta ɗora nata a kai suka matse shi tare.

Da zafi ya fara, ranar tafiyarsu ta zo, kujeru suka fito kamar kullum. Aka cire waigi, aka naɗe ƙafa ukun. Darlene ce a sitiyari, ta ɗora matashi a kujera don ta hango madubi, tana jan a-kori-kurar da baya a hankali zuwa ƙarƙashin hancin gidan. Orval yana tsaye a wurin da mata ke tsayawa. Kunnuwansa sun yi ja, bai dubi kowa ba. Ya zaro hannun dama daga aljihu ya ɗaga shi sama, yana rawa a idon duk filin.

"Taho," ya ce. "Taho, Darlene. Daidai kike."