Takalman Tsohuwar Gidan Burodi

Wutar da muke zagayewa a gidanmu na Plumstead a Landan ba ta da hayaƙi, ba ta da toka. Hita ce mai sanduna biyu da ke yin ja in an kunna, kuma tun ranar da Kaka ta sauka daga Zariya ta raina ta. Cewa ta yi wutar da ba za a gasa ko masara ɗaya a kanta ba, wutar ado ce. Duk da haka a gabanta ta shimfiɗa buzunta, a nan ta yi shekara shida.

Mahaifiyar Baba ce. An kawo ta ne ta riƙe mu na wata shida, ni da ƙanena Sadik, saboda Mama tana aikin jinya, Baba kuma ya haɗa karatu da aiki. A hawa na tara muke. Lif ɗin ya fi kwana a lalace, gwiwoyin Kaka kuma ba sa shiri da matakala. Ba ta jin Turanci, ba ta da maƙwabciyar da za ta leƙa ta ce a sam mata gishiri. Tagar ma ba ta buɗuwa sai kamar faɗin tafin hannu. Sau biyu a shekara ake saukowa da ita, a kai ta idi a masallacin Regent's Park, a dawo a hayar da ita.

Dokarta ita ce ba a tatsuniya da rana. To amma a lokacin sanyi ƙarfe huɗu ake magariba a Landan, sai abin ya yi mana daɗi. Muna dawowa daga makaranta, tana sallame salla, sai mu ce ai dare ya yi.

"Garin da ranarsa ma gudunsa take yi," in ji ta. "To ku matso."

Muna da kaset ɗin bidiyo guda ɗaya da muka kalla har hotonsa ya fara rawa. Wani tsohon fim ne na waƙe-waƙe da Baba ya ɗauka daga talabijin a hutun Kirsimeti, labarin 'ya'yan wani mai gidan burodi a bakin teku, mutanen da ko gari za su tankaɗe sai sun yi masa waƙa. Matsalar ita ce kaset ɗin ya ƙare kafin fim ɗin ya ƙare. Daidai inda wata tsohuwa mai kwaɓa fulawa ta zo bakin ƙofa ta sunkuya tana neman wani abu a ƙasa, jirgin ruwa yana busa daga nesa, sai hoton ya ɗauke. Kullum sai mun yi ƙorafi. Ranar nan Kaka ta ce mu kashe abin, ita ta san ƙarshensa.

"Ga ta nan ta iso muku," ta ce, "ƙafarta ba takalmi."

Tsohuwar, in ji Kaka, ba 'yar garin ba ce. Tana da ɗakinta a hayin ruwa, da bishiyar lemun tsami, da awaki biyu, da wata ƙawa da suke tsinkar zogale tare. Aka aika mata ta zo ta taya kwaɓi na kwana bakwai. Da ta zo, ta cire takalmanta a bakin ƙofa kamar yadda baƙo mai ladabi yake yi. Mai gidan ya ɗauke su ya adana a kan kabad, ba da mugunta ba, don kada ruwa ya jiƙa su, sai ya manta. Duk ranar da jirgi ya busa sai ta zo ƙofa ta duba, ba ta gan su ba, ta koma kwaɓinta.

Sadik yana jin Hausa, amma da Turanci yake amsawa. Ya ce, "Why can't she just ask him?" Na fassara mata, wai me ya hana ta tambayi mai gidan kawai.

"Ba kowa ake tambaya ba, Bature," ta ce. Sai ta ɗaga murya. "Sai dai in yaran gidan ne za su je su ce, Baba, ina takalman tsohuwa?"

A daidai wannan wurin take ɗaga murya, kullum. Baba yana teburin cin abinci a bayanmu, kansa a cikin littattafai. Mu kuma sai mu ce, daga nan fa? Ta ce daga nan tana nan tana jira, ku je ku wanke hannu. Na sha yin fushi, ina cewa Kaka ma ba ta iya ƙarasa labari ba, ita da kaset ɗin duk ɗaya ne.

Baba ɗanta ne na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta roƙonsa komai, sai dai ta ce "yaron nan". In ya durƙusa ya ce, "Inna, ba wata damuwa dai?" sai ta kalli bango ta ce lafiya lau. Mama kuwa suruka ce, faɗa mata tamkar cewa ta gaji da jikokinta ne. Mu kaɗai ne ƙofar da ta rage mata, ga shi a Landan aka haife mu, labari kawai muka ɗauke shi. A shekara ta shida ta yi 'yar gajeriyar jinya ta rasu, aka binne ta a gabashin Landan. A akwatinta aka tarar da sabulai da turare da atamfa, an ƙulle su kashi-kashi, tsarabar mutanen gida.

Bana ina wucewa ta wani kanti a Stratford na ga an sake fitar da fim ɗin a faifai don bikin tunawa da fitowarsa, an wanke hoton tas. Na saya da zumuɗi, yau dai zan ga ƙarshensa. Muka zauna bayan magariba, ni da 'yata Amira mai shekara bakwai, da Mama, wadda ta koma Zariya tare da Baba bayan sun yi ritaya, na ɗauko ta bayan rasuwarsa don ta riƙe min yara na wata uku. Shekararta biyu ke nan a wurina.

Wurin ya zo. Tsohuwar ta sunkuya, ta ɗauko cokali, ta koma ciki tana rawa. Shi ke nan. Kuma a hoton da ya fito fes ɗin nan na ga abin da tsohon kaset ya ɓoye mana: takalmanta suna ƙafarta tun farkon fim.

Na ji kunya, na ji baƙin ciki. Shekara shida Kaka tana ba ni saƙo in kai wa mutumin da ke zaune taku uku a bayana, ban kai ba. Ashe ba ƙarshen ne ba ta sani ba, mu ta bar wa shi.

Na juya na kalli Mama, tana zaune a jikin hita da safa biyu a ƙafa. Ni ce 'yarta ta fari. Na san in ta tafi ba ni da mai riƙe min yara, aikina ma zai iya tsayawa, shi ya sa ban taɓa tambaya ba.

"Mama, kina son komawa gida?"

Ta kalli bango. "Wa ya ce? Lafiya lau nake."

Amira, wadda ke kiran Mama Hajiya, ta ja hannuna, ta yi magana da gurguwar Hausarta. "Mummy, Hajiya tana ba ni labarin wata kaza da aka aro ta kwanta a kan ƙwai. Ta ƙyanƙyashe tuntuni, ba a mayar da ita ba."

"Tun yaushe take ba ki?"

"Kullum."

Fasfo ɗin Mama yana durowata, na adana mata don kada ya ɓace. Na tashi na ɗauko, na ajiye a gefen dardumarta. Ba ta kalle ni ba. Ta ja shi ƙarƙashin mayafinta, ta juya wajen Amira.

"Gaya wa uwarki," ta ce, "a samo min kujerar gefen taga a jirgi."