Ba a Haska Fuska a Bakin Kanal

Shekara ashirin da biyu Nathaniel ya yi yana gyaran injin ban ruwa a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, har yaran da aka haifa a gabansa suka tashi ba su san yana da wani gari ba. Daga ƙasar Filato ya zo yana saurayi, da jaka ɗaya da sifana uku. Motar tumatir ya biyo, don an ce masa inda take ɗauko kaya akwai aiki. Aikin kuwa akwai shi. Duk inda ake noman rani sai da inji, inji kuma ba ya tashi lalacewa sai ranar da shuka ta fara lanƙwasa kai.

Wanda ya fara karɓarsa shi ne Malam Uba, wani dogon manomi mai ƙarancin magana, wanda gonarsa take can wutsiyar kanal, inda ruwa yake isowa a gajiye, in ma ya iso. Uba ne ya ba shi gindin darbejiyar ƙofar gidansa ya kafa rumfa. Shi ya nema masa ɗaki. Da Nathaniel ya je gida ya auro Jemima, a gidan Uba aka dafa mata abincin sauka. Kowace kaka sai an ajiye masa buhun shinkafa a bakin ƙofa, kowace Kirsimeti sai an aiko da zakara. Uba yana ce masa Injiniya, da farko don tsokana, har sunan ya bi shi. Shi kuma yana ce masa Yaya, kuma ba da baki kawai yake faɗa ba.

To, amma mutum yakan gaji da karɓa. Abin yana cin Nathaniel a rai, ko da yake bai taɓa gaya wa kowa ba sai Jemima. Yana so sau ɗaya dai shi ma ya miƙa wani abu, a karɓa, a yi amfani da shi a gaban jama'a, ya san cewa zaman nasu na 'yan'uwa ne, ba na mai gida da wanda ake tausayi ba. In ya kai yadi, Uba ya ce yana da riga. In ya kai sukari, kafin magariba an aiko masa da albasar da ta ninka kuɗin sukarin.

Sai wata safiya cikin bazara Uba ya zo rumfa yana ɗingishi, gwiwarsa a kumbure. Tocilarsa ce ta mutu yana bin kanal, ya zurma cikin rami, kuma da ya dafa ƙasa zai tashi ya ji abu ya sulale ta gefen hannunsa. Nathaniel ya san tocilar nan. Tsohuwar gwangwani ce mai cin batir, wadda sai an buga ta a tafin hannu take farkawa, batir ɗin ma a rana ake shanya su don su ƙara kwana biyu. Haskenta ja ne, bai wuce ya nuna wa mutum babban yatsansa ba. Nathaniel ya dube ta, ya dubi gwiwar, ya ji ransa ya yi fari kamar wanda ya yi tsintuwa.

Kasuwa uku ya ci a Bunkure yana zaɓe. Jemima har ta gaji ta ce, "Baban Emma, tocila za ka saya ko aure za ka nema mata?" Bai kula ta ba. Dubu biyar ya ware, ba shi da abin da ya fi haka, kuma ya ƙudura ba zai kai wa Uba tarkace ba. A teburin wani mai kayan wuta da ake kira Taufiq ya fi daɗewa. Ya ɗaga wannan ya auna nauyinta, ya kwance gindin waccan ya leƙa wayoyinta, ya girgiza su a kunne kamar mai sayen kwakwa.

"Oga, za ka saya ne ko gyara ka zo yi?" in ji Taufiq.

"Waccan babbar nawa?"

"Ta 'yan banga ce. Dubu sha biyu, ba ragi."

Nathaniel ya ajiye ta a hankali. Ƙananan kuma na dubu da ɗari biyar ya san halinsu, ruwa ɗaya za su sha su mutu, araha ba ta ado. Can Taufiq ya janyo wata daga ƙarƙashin tebur, mai madauri na roba.

"Ga wadda ta dace da kai. A goshi ake ɗaura ta. Caji ake yi mata, ba ruwanka da batir, ruwa ba ya shigarta. Duk inda ka juya kai, nan take haskawa. Huɗu da rabi."

Nathaniel ya ɗaura ta, ya kunna, ya ga ko da rana tsaka farin haskenta ya fito a jikin buhu. Nan take ya hango Uba da shebur a hannu biyu, ba sai ya maƙale tocila a hammata ba.

"Ta wa ce?" Taufiq ya tambaya yana neman leda.

"Yayana. Manomi ne, kanal yake bi."

Taufiq ya ɗago ya dube shi, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya tuna shi ɗan kasuwa ne. Ya ƙulle ledar ya karɓi kuɗinsa.

Ga abin da Taufiq ya haɗiye. Idan bazara ta yi nisa ruwa ya ja baya, rabon da aka tsara na kwana-kwana ba ya isar kowa. Na sama yakan saci jiki bayan isha ya jefa buhun ƙasa a ƙaramin kanal, ruwan ya juya gonarsa a ranar da ba tasa ba. Na ƙasa kuma in ya ga shiru, sai ya ɗauki shebur ya bi kanal ɗin har ya tarar da buhun ya cire. Kowa ya san ana yi, kusan kowa ya taɓa yi. Shi ya sa tun zamanin iyayensu aka yi wa abin ladabi: tocila ƙasa take kallo. In ka hangi mutum tsugune a bakin ruwa, sai ka tsaya ka yi gyaran murya, shi kuma ya miƙe ya shige cikin masara. Ka cire buhunka ka wuce. Da asuba ku haɗu a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ga wani. A bar kaza cikin gashinta, shi ne ya riƙe ƙauyen nan shekara da shekaru.

Nathaniel ya san cikin kowane inji da ke yankin, amma bai taɓa noma ko kwando ɗaya ba, bai taɓa bin kanal ba. Kuma irin wannan ba maganar da ake yi a rumfa ba ce.

Bayan la'asar ya kai kyautar, lokacin da mutane suke zaune a kan benci a ƙofar gidan Uba. Da gangan ya zaɓi lokacin. Ya kwance ledar, ya cire wa Uba hula da hannunsa, ya ɗaura masa, ya kunna. Uba ya juya kai, hasken ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kare ido.

"Injiniya, ka ɓata kuɗinka," in ji Uba a hankali.

"Yaya, wannan karon ba za ka mayar min ba."

"To. Allah ya saka da alheri."

Mutum shida ne a kan bencin nan, cikinsu har da Baballe, ƙanin Uba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda gonarsa take sama da ta yayansa. Suka dubi juna, suka ce kai, kaya ya yi kyau. Ko mutum ɗaya bai ja Nathaniel gefe ya ce masa ga yadda ake yi ba. Kunya suka kira abin. Ni dai ban san kunyar da za ta sa ka ga mutum ya nufi rijiya ka yi masa fatan sauka lafiya ba.

Mako guda Uba yana duba awakinsa da sabuwar tocilar. Kullum Nathaniel sai ya tambaya, "An gwada ta a kanal?" Kullum sai a ce masa tukuna. Ranar da ta cika kwana takwas, bayan isha, ya ga Uba ya fito da shebur da tsohuwar gwangwaninsa. Abin ya soke shi.

"Yaya, in ba ta yi maka ba ka faɗa min, in mayar a canzo."

Uba ya tsaya ya dube shi. Ya ga fuskar mutumin da ya ci kasuwa uku saboda shi. Sai ya koma cikin gida, ya fito da sabuwar a goshi.

Labarin abin da ya faru, Mudassiru ne ya kawo shi rumfa da safe. Maƙwabcin gonar Uba ne, tare suka tafi, kuma mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa. Ya ce Uba ya yi ta tafiya kansa a sunkuye kamar mai neman allura. Da suka kusa inda aka toshe, ya yi gyaran murya yadda aka saba. Sai wani abu ya faɗa ruwa tsulum ta gefen dama, Uba kuma mai ciwon gwiwa da tsoron maciji, ya waiga ba shiri. Hasken ya sauka a kan Baballe, tsamo-tsamo cikin ruwa, da buhu a rungume.

Shekara uku ke nan tumatirin Uba yana ƙonewa a wutsiyar kanal. Shekara uku Baballe yana zama kusa da shi yana taya shi tsine wa marasa tsoron Allah. Wataƙila Uba ya daɗe da zargi, wa ya sani. Amma zargi daban, gani daban, balle gani a gaban Mudassiru.

Kafin azahar babu gidan da maganar ba ta shiga ba. Kafin sati an ja zana a tsakar gidan gado, matan 'yan'uwan biyu sun raba turmi. Baballe ya daina fita masallacin unguwa. Ba kunyar satar ce ta dame shi ba, cewa yake yayansa ya tona masa asiri da gangan, ya zo masa da fitilar kama ɓarayi. Mutane da yawa kuma suka bi bayansa, don kowa ya duba ya ga in aka fara haska fuska, tasa ma tana layi.

Nathaniel ya shiga wurin Uba ya same shi zaune a zaure shi kaɗai, ya rame.

"Yaya, ai gaskiya ce ta fito. Kai aka cuta."

Uba ya girgiza kai. Ya ce, "Tumatir ana sake shukawa, Injiniya. Da ma ban gani ba."

Da azumi ya ƙarato aka ce ba za a shiga watan da gaba a gida ɗaya ba. Dattijo, tsohon da yake shugabantar manoman wannan reshe na kanal, ya tara mutane a ƙofar gidansa da hantsi, ya aika a kira har da Nathaniel. Nathaniel ya wanke hannunsa da kananzir, ya sa riga mai tsabta. A zatonsa shaida za a nema.

Dattijo ya yi magana mai tsawo. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ya ce buhu a kanal ba yau aka fara ba, kuma bai taɓa raba zumunci ba sai bana, to me ya canza bana? Kowa ya ba kansa amsa. Sannan ya juyo.

"Malam Nataniya, ba mu ce ka yi da mugun nufi ba. Amma ta hannunka abin ya shigo. Ka ba su haƙuri su biyun, magana ta wuce."

Nathaniel ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya dubi Baballe, wanda ya sace wa ɗan'uwansa ruwa shekara uku, yana zaune ya harɗe ƙafa yana jiran a ba shi haƙuri. Ya gane dabarar sarai. 'Yan'uwa biyu ba za su iya komawa inuwa ɗaya ba sai an sami inda za a sauke laifin, kuma duk taron nan shi kaɗai ne ba shi da dangin da za su tsaya masa. Sai ya juya wajen Uba. Kalma ɗaya yake jira. Yana so Uba ya ce a'a, ƙanina ne wannan, alheri ya yi min, ni na ɗaura da kaina.

Uba yana kallon tabarma. Ya gyara zama, ya ce, "Ai baƙo ne, bai san al'adarmu ba. Ni na yafe masa."

Aka ce madalla, aka ce haka ake so. Nathaniel ya durƙusa a gaban Baballe ya ce a yi haƙuri, Baballe ya ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Aka shafa fatiha. 'Yan'uwan suka yi musabaha suna share ido, kuma a ranar aka cire zanar.

Har yau rumfar Nathaniel tana gindin darbejiyar, don mai iyali ba ya tashi saboda ɓacin rai. Suna gaisawa da Uba safe da yamma, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali. Amma ya bar cewa Yaya, Malam yake cewa kamar kowa, Uba kuma bai taɓa tambayarsa dalili ba.

Ranar taron, da ya koma gida, Jemima tana tsintar shinkafa a faranti. Ta ga rigar mai tsabta da ƙasa a gwiwar wandonsa.

"Yaya aka ƙare, Baban Emma?"

Ya zauna a bakin ƙofa, yana kallon hannunsa.

"An yafe min," ya ce.