Sandar Doyar da Na Kafa wa Magena

Shekarar da Yayana ya samu aikin gwamnati, ba da jimawa ba da Lafiya ta zama babban birnin jiha, ya shigo mana da kushin sabbi fil gidanmu na Akurba. Ni kuwa ina da mage, baƙa mai farin wuya, wadda Innarmu ta rasu ta bar mini. Tun kujerun ba su daina ƙamshin kanti ba ta gwada faratanta a hannun babbar. Yaya ya ce ba za ta sake kwana a gidan ba. Na yi kuka har da majina kafin ya sauko.

"To, in ta bar kujerun nan, ni ma zan bar ta," ya ce.

Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu, don a lokacin in Yaya ya ce rana ta faɗi, ba na leƙa waje.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Tibi mai gona a hanyar Doma, ita ta ba ni sanda mai kauri, irin wadda ake kafa wa doya ta hau. Na dasa ta a tsohon bokitin fenti, na cika da duwatsu, na naɗe ta da buhun algarara, na buga katako a sama na shimfiɗa tsohon zanen Inna. Kyau kam babu, ko ni na sani. Amma mage ta karɓa. A nan take karce, a nan take barci, hancinta cikin zanen, kujeru suka huta.

Sai Yaya ya fara neman aure, aka ce dangin amarya za su zo ganin gida. Ya je Abuja ya dawo da wani abu mai hawa-hawa, lulluɓe da kafet mai laushi, har da 'yar ƙwallo tana reto.

"Irin na Turawa ne. Wancan bagidajen abin naki ba ya zama a falo."

Na roƙe shi a mayar da nawa tsakar gida, ya ce ba komai. Na dawo daga makaranta na tarar da sandata a murhu ƙarƙashin tukunyar wake, zanen Inna kuma an goge mashin ɗin Yaya da shi.

Maƙwabciyarmu ta leƙo, ta shafa abin Abujan, ta girgiza kai, ta ce da Hausarta ta 'yan Tibi: "'Yata, wannan ba shi da warin kowa. Mage ɗin ka ba zai hau ba, za ka gani."

Haka kuwa aka yi. Ta shinshina, ta juya masa baya, ta koma kan kushin. In an ƙone maka ɗaki, ai ka kwana inda ka samu.

Wata Asabar Yaya ya aike ni kasuwa, har da ba ni na acaba, abin da bai taɓa yi ba. Na dawo ina kiran magen, shiru. Na same shi yana wanke mashin.

"Yaya, ka yi mini alkawari. Ta bar kujerun, kai ka ƙone mata wurinta!"

"Cewa na yi zan bar ta," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Na kuwa bar ta. A hanyar Doma."

Ya yi dariya, ya ji daɗin wayonsa. Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Kalmar da na jingina da ita ya juya ya soke ni, kuma har yau abin na ci mini rai.

Mun bi hanyar nan da dattijuwar, gona bayan gona, muna tambayar masu kiwo da masu doya. Babu wanda ya gan ta.

Abin Abuja ya yi shekara da shekaru a falo, ko ƙarzane ɗaya babu a jikinsa. Amarya ta ɗora masa furen roba. Duk baƙon da ya tambaya, Yaya kan gyara zama ya ce na magen ƙanwarsa ne, shi ya sayo mata.