Kiɗan da Ba Fergus Ya Yi Ba

Senga Baird ta shekara talatin tana ɗaukar sauti a wani ɗan sitidiyo a unguwar Govan, bayan shagon soya kifi. Ubanta mai walda ne a wurin ƙera jiragen ruwa, kuma halinsa ta ɗauko: in aiki ya karkace sai ta miƙar da shi, ba ruwanta da neman izini. Kunne gare ta kamar na zomo, bakinta kuwa sai a hankali.

Da wasu samari huɗu 'yan garin Paisley suka zo da jitocinsu naɗar faifansu na farko, a yini ɗaya ta gano matsalar: Fergus, makaɗin gangunansu, mai raba wasiƙu. Mutumin kirki, wallahi, kullum sai ya kawo mata shayi. Amma in ya kama kiɗa, gudu yake kamar kare ya biyo shi.

"Fergus, wasiƙa za ka kai ne? Saurin me kake?"

"Haba Senga, kunnenki ne dai ya tsufa!"

Ranar Lahadi da safe, babu kowa, da yake ita ma ta iya kiɗa, ta hau kan gangunansa ta sake buga waƙoƙi goma na faifan kaf, ta naɗi nata kiɗan, ta goge nasa. Ko mawaƙinsu ba ta gaya wa ba. Faifai ya fito da sunan Fergus a bayansa, aka yi ta yabon kiɗan. Ita kuwa ta ce a ranta ai taimako ta yi.

Bayan shekara uku ta gamu da shi a tashar bas, ana yayyafi, ga jakar wasiƙu a kafaɗarsa. Ta tambaye shi ina abokan waƙa.

"Na bar su," in ji shi. "Gangunan ma na sayar. Kullum in sa faifan, in bi shi, in kasa. Har asibiti na je a duba mini hannu, likita ya ce lafiyata ƙalau. To me ya same ni? Ke dai kin ji ni lokacin da na iya, Senga. Ke ce shaidata."

Kunya ta rufe ta. Ashe abin da ta yi wa bawan Allahn nan ke nan! Motar bas ta iso ta tsaya. Gaskiyar tana kan harshenta, sai ta ga yadda ya zuba mata ido yana jira.

"Ka iya, Fergus," ta ce.

Ya yi murmushi ya hau. Motar da take jira ke nan ita ma, amma ta kasa shiga.